Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Hawan Dutse Ke Tara Kuɗin Taimako?



Tambaya: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Magamar Jibiya, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, cikin Jihar Katsina. Bayan gaisuwa, malamin cewa ya yi yana yawan ji a labarai wai wasu sun tafi hawan dogon dutse don tara kuɗin taimakon marayu ko marasa lafiya. Shin a kan dutsen ake samo kuɗin, ko kuwa wa ke biya? Mene ne haɗarin abin? Kuma in aka kawo wa 'yan kasuwa takarda aka ce su ba da gudummawa a irin wannan, su bayar ko su kame hannunsu?

Amsa: To Malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai, babu ko kwabo a kan dutsen. Daga aljihun jama'a kuɗin ke fitowa. Ga yadda abin yake. Mutum zai zaɓi wata bukata, a ce gina rijiya ko sayen magani a asibitin ƙauye, sai ya je wurin ƙungiyar da ke wannan aiki su yi yarjejeniya. Daga nan ya shelanta cewa zai ɗauki wata wahala da ba kowa ke iya ɗauka ba, duk wanda abin ya burge shi ya sa wani abu a asusun ƙungiyar. Wani ya bayar tun kafin a tashi, wani ya yi alkawarin sai an kai ƙololuwa. A ce mutum 300 kowa ya yi alkawarin Naira 2,000, ka ga an tashi da Naira 600,000 ke nan.

To me ya sa sai an sha wahala? Ai ka san gayya. Mai gangar noma ba ya huɗa ko kunya ɗaya, amma shi ke tara samari, shi ke sa su zage damtse. Hawan dutsen shi ne gangar. In mutum ya shiga rediyo ya ce a kawo taimako, gobe an manta. In kuwa ya ce zai yi mako guda yana hawa cikin sanyi, kullum sai an tambayi ina ya kwana, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ji sunan abin da ake tara wa kuɗin. Ka tuna yadda ƙasa ta ɗauka a 2015, lokacin da wani ɗan Jihar Katsina, Sulaiman Hashimu, ya taka a ƙafa daga Legas zuwa Abuja. Shi nasa murnar zaɓe ce, amma ya nuna yadda tattaki ke jan hankalin mutane. A 2022 kuma Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan har Legas don tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna.

Dutsen da aka fi zuwa don wannan a nahiyarmu shi ne Kilimanjaro, a arewacin Tanzaniya, kusa da garin Moshi. Tsawonsa mita 5,895 daga saman ruwan teku, wato kusan kilomita 6 a tsaye, babu kamarsa duk Afirka. Don ka kwatanta, Jibiya da Katsina da Maraɗi duk ba su kai mita 600 ba. Dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne. Na Nijar kuwa, a tsaunin Bagzan cikin duwatsun Azbin, mita 2,022. Ka ga Kilimanjaro ya ninka kowannensu fiye da sau biyu.

Abin da ya sa ake tururuwa gare shi, da ƙafa ake hawansa, ba sai da igiya ba. Ana kwana 5 zuwa 9 a hanya, ya danganta da inda aka bi. A gindinsa gonakin ayaba ne da kofi. Gaba sai kurmi, sai ciyayi, sai wani fako mai duwatsu inda ba abin da ke tsirowa sosai, can sama kuma ƙanƙara. Ranar ƙarshe da tsakar dare ake tashi, a yi ta hawa da fitila a goshi, a isa ƙololuwa da fitowar rana. A 2009 wasu mawaƙa da 'yan talabijin su 9 sun hau shi da sunan ƙungiyar Comic Relief, suka tara sama da fam miliyan 3 na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro.

Yanzu sai batun haɗari. Akwai sanyi, don kowane mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6, kuma a ƙololuwa da dare har ruwan gora daskarewa yake yi. Sanyin hunturu da ke sa mu hura wuta da asuba wasa ne. Amma babban maƙiyi shi ne ƙarancin iska. Ɗauki numfashinka a matsayin tiya. A nan Jibiya duk shaƙar da ka yi, ana cika maka tiyarka da iskar oksijin, wadda jini ke kai wa sassan jiki. A kan Kilimanjaro tiyar dai ita ce, amma kusan rabi ake zuba maka. Jiki na iya sabawa, ya ƙara saurin numfashi, a hankali kuma ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai dai yana bukatar kwanaki.

Wanda bai ba jikinsa wannan lokaci ba, ciwon tsauni na iya kama shi tun daga mita 2,500. Yana farawa da ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da rashin barci. In aka ƙi ji aka ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhu, mutum ya riƙa haki ko yana zaune, yana tari. Ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi yana sambatu. Waɗannan biyun suna kisa cikin ɗan lokaci, kuma babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Shi ya sa likitoci ke cewa in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kwana 3 ko 4 a huta yini guda. Masu jagora a can kalmarsu ta Suwahili kullum ita ce "pole pole", wato sannu-sannu. Mu ma ai mun ce sannu ba ta hana zuwa.

Kada wani ya ce shi ƙarfafa ne, yana ɗaukar buhun gero shi kaɗai. Wannan ciwo ba ruwansa da ƙarfi. A watan Disamba na 2010, Martina Navratilova, shahararriyar 'yar wasan tanis, ta tafi hawan taimako, ruwa ya shiga huhunta, sai da aka sauko da ita aka kwantar a asibiti a Nairobi. A Afirka ta Kudu kuma akwai tattakin Trek4Mandela da aka fara a 2012, don sama wa 'yan mata 'yan makaranta audugar mata, kada al'ada ta hana su zuwa aji. A wannan tattaki ne, ran 18 ga Yuli 2016, numfashi ya sarƙe wa Gugu Zulu, sanannen ɗan tseren mota mai shekara 38, ya rasu.

Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye, wato sikila. Ƙarancin iska na lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai sikila su toshe hanyoyin jini, don haka shi da dogon tsauni sai hange. Har mai rukunin jini AS, wanda yake zaune lafiya a gida, saifarsa na iya samun matsala a can sama. Duk mai niyya ya fara zuwa asibiti a auna rukunin jininsa, a duba zuciya da huhu da hawan jini.

Sai tambayarka ta ƙarshe, a bayar ko a kame? Ka sani tafiyar kanta kuɗi take ci. Dokar wurin ba ta yarda a hau ba tare da jagora mai lasisi ba. Ga kuɗin shiga gandun, ga 'yan dako masu ɗaukar tanti da abinci, ga kayan sanyi. Da wuya mutum ya tashi ƙasa da dala 2,000, ban da kuɗin jirgi. A nan tsari biyu ne. Wani mai hawa shi ke biyan kuɗin tafiyarsa, duk abin da aka tara ya tafi ga mabukata. Wani kuwa daga cikin gudummawar ake cire kuɗin tafiyar, saura a miƙa. Na biyun ba sata ba ne in an faɗa tun farko, amma haƙƙinka ne ka sani. Don haka kafin ka sa hannu a aljihu, yi tambaya huɗu. Wa ke biyan kuɗin tafiya? Wace ƙungiya ce za ta karɓa, kuma tana da rajista da hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Asusun bankin da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? In ba a kai ƙololuwa ba, ina kuɗin za su? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Ka kuma karɓi rasiɗi, yadda kake karɓa in ka yi lodi.

Sa'an nan kada ka ɗauka sai an je Tanzaniya. Lokacin da ambaliya ta afka wa Jibiya a watan Yuli na 2018, ta ci rayukan sama da mutum 40 ta kuma rushe ɗaruruwan gidaje, ba wanda ya bukaci a hau masa dutse kafin ya ji tausayi. Amma akwai bukatun da ba sa ƙara, kamar rufin aji ko famfon da ya lalace, su ne ke son ganga. Samarin gari na iya shirya tattaki, ko tseren keke, ko wasan ƙwallo, da sanin hakimi da jami'an tsaro, a kan hanyar da aka tabbatar da lafiyarta. A naɗa dattawa amintattu su riƙe asusu, a karanta abin da aka samu da abin da aka kashe a bainar jama'a. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Da fatan Malam ka gamsu. A gaida mana 'yan kasuwar Jibiya da na Ɗan Isa da Maraɗi. Sai wani makon in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.