Tarin fuka mai bijire wa magani: Abin da ya kamata mazauna gaɓar Tafkin Kainji su sani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ne suka kamu da tarin fuka mai bijire wa magani a shekarar 2023, kuma biyu kacal cikin biyar suka samu magani. Najeriya na cikin ƙasashe 30 da matsalar ta fi ƙamari.

Tarin fuka na gama-gari yana warkewa da shan magani na wata shida ba fashi. Sai dai bayan 'yan makonni tari kan lafa, jiki ya dawo, majinyaci ya ɗauka ya warke, ya ajiye maganin. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai. Idan suka hayayyafa, Rifampicin da Isoniazid, manyan magungunan biyu, sun daina tasiri a kansu. Wanda ya shaƙi tarin wannan majinyaci kuwa, nau'in mai taurin zai ɗauka kai tsaye, ko da bai taɓa shan magani ba.

A nan ne yanayin rayuwar Yauri da Ngaski da Shanga ya shigo. Masunci yana bin kifi ne, ba ya bin ranar asibiti. Wanda ya karɓi magani a Yelwa ko Wara yana iya shafe makonni a wani tsibiri ko tunga, kuma idan ruwa ya cika, kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya hana shi dawowa. Masu haƙar zinare ma haka suke yawo, ga ƙurar dutse da ke raunana huhu. Ɗora wa irin waɗannan mutane laifin sakaci bai wadatar ba, matuƙar maganin bai bi su inda suke ba.

Gwajin majina da na'urar GeneXpert yana nuna cutar, da kuma ko ta bijire wa Rifampicin, cikin kimanin awa biyu. A da jinyar wannan nau'i kan kai shekara biyu, da allurai masu iya kurmantar da mutum. Tun 2022 hukumar ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida, babu allura.

Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, musamman da rama ko zufar dare, ya kai majinarsa a gwada, maimakon sayen ƙwayoyi a kemis.