Ɗakin Wasan Yara a Ƙarƙashin Ƙasa: Iska da Mafita Kafin Fenti

A jihar Minnesota da ke arewacin Amurka, doka ba ta yarda magini ya kafa harsashin gida sama-sama ba. Dole ya haƙa inci 42 a kudancin jihar, inci 60 a arewacinta, don ya zarce inda sanyin hunturu ke daskarar da ƙasa. Idan bai yi haka ba, ƙasar da ta daskare takan kumbura ta tsage ginin. To tunda an riga an sha wahalar haƙan, ƙara 'yan ƙafafu kaɗan ba wani abu ba ne, sai ga ɗaki sukutum a ƙarƙashin gida, faɗinsa faɗin gidan. Shi ya sa gidaje da yawa a Minneapolis da Chicago da Toronto suke da wata ƙofa mai matakala da ke gangarawa ƙasa, alhali a Florida da Louisiana, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, da wuya a ga irinsa.

Can asali wurin injin ɗumama gida ne da tukunyar ruwan zafi da tarkacen da ba a son gani. Daga baya aka shiga gyara shi: a lulluɓe bangon kankare, a yi silin, a shimfiɗa daɓe, a ja wuta. Masu ƙananan yara su suka fi kowa murna da shi, har da 'yan uwanmu da zama ya kai su can. Watanni ake yi yaro ba ya iya daɗewa a waje saboda sanyi, ga Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na minti 180 a kullum. A ina zai yi tsalle-tsallen? Falo ba zai ɗauka ba, sai a dubi ɗakin ƙasa.

Inda ake kuskure shi ne wajen farawa. Uwargida ta ga hotuna a shafin Pinterest, bango shuɗi, tanti ɗan ƙarami, kwanduna jere reras, sai hankali ya tafi ga launin fenti. Amma duk gyaran da aka yi masa, wurin nan rami ne a cikin ƙasa, kuma rami yana da nasa halin.

Na farko a cikin halayensa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Radon wata iska ce mai tururin nukiliya da ke fitowa daga sinadarin yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu. Tana kutsowa ta tsagar daɓe da bakin bututu, ta taru a ɗakin da ya fi kusa da ƙasa. Amurkawa ba su farga da girman lamarin ba sai a ƙarshen 1984, lokacin da wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick a jihar Pennsylvania ya riƙa tayar da na'urar gwajin tururi a wurin aiki. Da aka bi sawu, sai aka gano ba daga tashar ya kwaso abin ba, daga gidansa yake zuwa da shi a jiki: iskar gidan ta ninka abin da ake ganin ya halatta sau ɗaruruwa. A yau hukumar kare muhalli ta Amurka tana ƙiyasta cewa radon na jawo mutuwar mutum kusan 21,000 a shekara ta hanyar sankarar huhu, babu abin da ya fi shi a wannan fanni sai taba sigari, kuma kusan gida 1 cikin 15 a ƙasar yana da shi fiye da kima. Ta sa iyaka a fikokuri 4 a kowace lita ta iska. Kanada kuwa tun 2007 ta sauko da tata iyakar daga bekarel 800 zuwa 200 a kowace kubik mita.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan kam bai sani ba. Gida biyu bango da bango, ɗaya lafiya lau, ɗaya cike, don haka sakamakon maƙwabci ba hujja ba ne. Abin gwajin ɗan ƙaramin gwangwani ne ko fakiti da ake samu a shagon kayan gini da kuɗi kaɗan. A rufe tagogi awa 12 kafin a fara, a ɗora shi a kan wani abu da ya kai inci 20 daga daɓe, a bar shi 'yan kwanaki, a aika wa masu awo. Hukumar lafiya ta Kanada ta fi son gwajin wata uku a lokacin sanyi, domin yawan iskar yana hawa da sauka. Idan an samu ya haura, maganinsa sananne ne: a huda daɓe, a sa bututu da fanka mai zuƙo iskar daga ƙarƙashin gida ta fitar da ita ta saman rufi. Wanda ke haya ya tambayi mai gidan sakamakon gwaji, kada kunya ta hana shi. Yaron da zai riƙa kwanciya rubda-ciki a daɓen nan yana tura mota awa biyu ko uku kullum, shekara da shekaru, shi ake wa tambayar.

Sai danshi. Kankare yana shan ruwa daga ƙasar da ke kewaye da shi, kuma da bazara iska mai ɗumi takan sauko ta haɗu da bango mai sanyi ta zama raɓa. Abin da ke biyo baya fumfuna ce, ita kuma abokiyar gabar mai asma ce. Ana so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, kada ta haura 60, kuma abin da ya jiƙe aka kasa busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, fumfuna ta samu gida. Na'urar tsotse laima da ɗan ma'auninta sun fi kowace 'yar tsana amfani a wannan ɗaki. A ganina wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar kafet mai mamaye ɗaki bango zuwa bango. Yana da taushi, gaskiya ne, yana kuma rage sanyin ƙafa, amma ranar da bututu ya fashe ko ruwan sama ya fi ƙarfin famfon da ke kwashe ruwa daga ramin gida, sai dai a ɓamɓare shi a zubar. Daɓen roba mai kama da katako, a ɗora masa tabarmar soso mai haɗe-haɗe ko darduma da za a iya naɗewa a wanke, shi ne daidai. Littattafai da kayan yadi kuma kada su kwana a ƙasa cikin kwali.

Ɗakin da matakala ɗaya ce hanyarsa tarko ne idan wuta ta tashi a sama. Dokar gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ta tanadi mafita ta biyu, galibi taga da buɗinta ya kai murabba'in ƙafa 5.7, kuma bakinta bai wuce inci 44 daga daɓe ba. Inci 44 kusan tsayin ɗan shekara biyar ke nan, wato doka ta cika amma yaron ba zai iya hawa ba. A kafe benci mai ƙarfi a ƙarƙashin tagar, a koya wa manyan yaran buɗe ta, kuma kada a tare ta da kanta don an rasa wurin ajiya. Ba wuta kaɗai ba. A daren 1 ga Satumba 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a birnin New York, mutum 11 sun mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, galibinsu a unguwar Queens. Duk ranar da waya ta yi ƙarar gargaɗin ambaliya, wasa ya dawo sama. A rataya ƙararrawar hayaƙi da ta iskar kabon monoksaid, tunda injin ɗumama gida yana maƙwabtaka da yaran, a kuma kulle ɗakinsa. A saman matakala a sa shingen da ake ɗaurewa da noti a bango, domin wanda ake tokarawa kawai yakan zame in yaro ya jingina. Idan an gina gidan kafin 1978, shekarar da Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje, kada a kankare tsohon fenti sai an gwada.

Yanzu ne aka zo kan ado, kuma nan aikin ba shi da wuya. Ɗakin ƙasa duhu gare shi, silin ɗinsa gajere ne, don haka bango ya zama fari ko wani launi mai haske, a yawaita fitilun da ke nutse a cikin silin, waɗanda ƙwallo ba za ta fasa ba. Ginshiƙin ƙarfen da ke tsaye tsakiyar ɗaki a naɗe shi da soso. Kada a cika bango da hotuna da haruffa: wani bincike a jami'ar Carnegie Mellon a 2014 ya nuna 'yan nasare sun fi shagala a ajin da aka cika wa bango ado. Bango guda a shafa masa fentin allo yara su yi ta zane, wani kuma a ja zare a riƙa rataya abin da suka zana. Ya isa.

Wajen tsari, mutum ya durƙusa ya kalli ɗakin daga tsayin yaro. Wannan ita ce dabarar da Maria Montessori ta fara da ita a makarantarta ta unguwar San Lorenzo a birnin Rum a 1907: kanta gajera, a buɗe, kowane abu da mazauninsa, yaro ya ɗauka da kansa ya mayar da kansa. Babban akwati mai murfi da ake zuba komai a ciki ba tsari ba ne. Don neman mota ɗaya yaro zai kife shi kaf, ga kuma murfi mai nauyi da kan faɗo wa wuya ko yatsa. Ƙananan robobi marasa murfi sun fi, a liƙa wa kowace hoton abin da ke cikinta saboda wanda bai iya karatu ba. Kowace kanta da kabad kuwa a ɗaure ta da bango. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad-kabad miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rikito kan yara sun kashe su, kuma a 2022 aka sa hannu kan dokar da ta tilasta wa masu ƙera irinsu gwajin tsayuwa. Yaro in ya ga durowa, tsani ya gani.

Yawan kayan wasa shi ne ainihin ciwon. A jami'ar Toledo a jihar Ohio an sa yara 36 'yan wata 18 zuwa 30 wasa sau biyu, sau ɗaya da kayan wasa 4, sau ɗaya da 16. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna da huɗun sun fi daɗewa a kan abu guda, sun kuma fi ƙirƙiro hanyoyin wasa da shi. Ƙaramin bincike ne, amma duk uwar da ta ga ɗanta tsaye cikin tulin kaya yana cewa ba shi da abin yi ta san ba ƙarya ba ne. A fito da kaɗan, a ɓoye sauran, bayan mako biyu ko uku a musanya. Motar da ta ɓace wata guda takan dawo sabuwa fil. Tsakiyar ɗakin kuma a bar shi fili, domin don guje-guje aka sauko. Idan akwai ɗan ƙasa da shekara 3, duk abin da zai iya shigewa cikin kwalin tsakiyar takardar bayi zai iya shaƙe shi, saboda haka ƙananan tubalan wasa na Lego na yayye su hau sama, a kuma sa ido kan ƙananan batura masu kama da maɓalli da 'yan ƙwayoyin maganaɗisu.

Akwai abin da duk wannan bai magance ba. A tsakar gida irin namu yaro yana wasa ne a gaban ido: uwa na tankaɗe, goggo na tsinkar zogale, kaka na kan tabarma, kafin ya kai tsakuwa baki an daka masa tsawa. Ɗakin ƙasa yana ɗauke wannan idon gaba ɗaya. Akwai daɓe da silin tsakanin yaro da kicin, ga ƙarar injin ɗumama gida, kuma shaƙewa ba ta da sauti. Don haka ɗan ƙasa da shekara uku ba a tura shi can shi kaɗai, ba a kuma ɗora wa 'yar shekara shida renonsa. Kyamarar sa ido tana taimakawa, amma ba ta da hannu. Abin da ya fi shi ne a yi wa babba wuri a cikin ɗakin tun farko: kujera mai daɗin zama inda ake hangen kowane lungu, soket na cajin waya mai murfi, darduma a gefe don kada sallah ta sa a haura sama a bar su. A gidaje da yawa injin wanki ma a nan ƙasa yake, sai a haɗa ninkin kaya da gadin yara. Sai dai sabulun wanki na ƙulli-ƙulli, mai launi kamar alawa, ya zauna a kabad mai makulli, sama da inda hannun mai hawa kujera zai kai.