Tsatsa: Yadda Take Cin Jarin Masu Tsofaffin Motoci, Da Hanyar Maganinta

KONTAGORA, Jihar Neja. A garin Kontagora, wanda ke kan babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Mokwa zuwa Yawuri da Sakkwato, tsohuwar mota jari ce ga manomi da ɗan kasuwa. Sai dai sau da yawa injin mota yakan kasance da sauran ƙarfi alhali tsatsa ta riga ta cinye jikinta, abin da ke karya darajarta a ranar sayarwa.

Ɗaya daga cikin motocin da wannan batu ya shafa ita ce Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Tun da aka daina yin sabuwa, wadda ta rage da lafiyayyen jiki ta zama abin adanawa.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. Da zarar fenti ya ƙwarzane, laima takan shiga, tsatsar ta kumbura ta ɗaga fentin da ke kewaye, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Gishiri yana ƙara wa abin sauri. Wannan ne ya sa motocin da ake kira 'yan Kwatano, waɗanda shigo da su ya yawaita bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, sukan iso da tsatsa a ƙarƙashinsu, domin a Turai ana zuba gishiri a kan hanyoyi don narkar da ƙanƙara.

A yankin Kontagora, taɓon damina da ke maƙalewa a saman tayoyi yana riƙe laima na kwanaki, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, inda ruwa ke fita. Takin zamani da ke zubewa a bayan akori-kura shi ma nau'in gishiri ne, haka kuma ruwan batir yana cin mazauninsa.

Gyaran ya danganta da zurfin ɓarnar. Idan tsatsar a sama take, sai a goge ta har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa maganin kashe tsatsa, a bi da jan fentin kariya, kana a fesa fentin motar. Idan kuwa ƙarfen ya huje, dole ne a yanke wurin, mai walda ya liƙa sabon ƙarfe. Cike ramin da ƙullun gyaran bodi ɓoye ciwo ne kawai, domin tsatsar za ta sake ɓullowa. Mai saye yana iya gane irin wannan aiki da maganaɗisu, wanda ba ya kama wurin da aka cike da kauri.

Rigakafi ya fi araha. Ya kamata a riƙa wanke ƙarƙashin mota da damina, a buɗe ramukan ƙofofi, a ɗaga shimfiɗar ƙasa a busar da ita idan ta jiƙe, a kuma wanke bayan mota duk lokacin da aka sauke taki. Baƙin mai da wasu ke fesawa yana tara ƙura yana lalata robobi. Fentin kwalta ya fi shi inganci, muddin an shafa shi a kan busasshen ƙarfe mara tsatsa.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne rani, kafin saukar ruwan farko.