Ƙira da Amon Tsohuwar Sarewar Katako ta Turai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda ƙirar sarewar katako ta Turai, wadda ake busawa a gicciye, ta haifar da irin amonta, da kuma matsalar da ke tattare da adana ta.

2.0 Ƙira

A ƙarshen ƙarni na 17 ne aka sake fasalin wannan sarewa a Faransa, kuma galibi ana danganta aikin ga zuriyar Hotteterre. Sai ta koma gaɓa uku, daga baya huɗu. Akan sassaƙa ta da icce mai tauri, kamar baƙin iccen nan dangin kanya, a ɗaure bakin gaɓoɓin da zoben hauren giwa. Kogon cikinta yana tsukewa daga wajen kai zuwa gindi. Ban da kafar busawa, tana da kafofin yatsu 6, da ta bakwai mai murfin ƙarfe wanda ƙaramin yatsa ke dannawa.

3.0 Amo

Da yake kafofin ba su kai yawan muryoyin da ake bukata ba, tilas mabushi ya yi dabara, wato ya buɗe wata kafa ya toshe na ƙasa da ita. Muryar da ta fito ta haka takan zo a dushe, sauran kuwa su fito garau. Mabusan wancan zamani sun ɗauki wannan bambanci tamkar gishirin kiɗa, suna kuma daidaita kowace murya da leɓe da numfashi. Quantz, malamin busa na Sarki Frederick na Furusiya, ya yi bayanin hanyoyin a littafinsa na 1752.

A 1847 Theobald Boehm na Munik ya ƙera sarewar azurfa mai miƙaƙƙen kogo da manyan kafofi. Amo ya ƙara ƙarfi, muryoyi suka daidaita, amma wancan bambanci ya ɓace.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa sirrin amon yana cikin awon kogon. To, amma icce yakan tsuke da daɗewa, damshin numfashi kuma yana iya tsaga wanda ya shekara 250 a bushe. Idan an busa ana tsoron hasara, idan an ajiye ba a ji amon ba. Saboda haka masassaƙan yau sukan auna na gidajen tarihi su ƙera kwatankwacinsu. Abin da ya rage a tattauna shi ne ko awon da aka samu yau shi ne wanda mai ƙirar farko ya nufa.