Littattafai biyar a mako biyar: Gasar karatun da abokai za su iya yi a majalisa

A shekarar 1933, Hukumar Fassara da ke Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai.

Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Midil ta Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi.

Dukkansu gajeru ne, don haka abokai za su iya ɗaukar littafi ɗaya kowane mako. Kwafi guda ya isa: mutum ɗaya ya karanta, a saurara, sannan a tafka muhawara. Wanda ya yi fashi shi zai sayi shayi.

A Babban Duhu da ƙauyukan Safana da Batsari na gefen dajin Rugu, inda satar mutane ta daɗe tana addabar jama'a, Shaihu Umar ne ya dace a fara da shi.

Labarin yaro ne da aka sace, mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ta ƙetare hamada. A yankin, babu wanda sai an yi masa bayanin halin da uwar ta shiga.