Kafin a kira bakanike: Yadda mai mota zai gano matsala da kansa, ya rage kashe kuɗi

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, riƙe mota ya zama kaya mai nauyi a kan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. Faɗuwar darajar naira kuma ta ƙara wa kayan gyara tsada, tunda akasarinsu daga waje ake shigo da su, ko a Ladipo ta Legas mutum ya je nema, ko Apo a Abuja, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai akwai wata kafa da kuɗi ke zurarewa wadda ba a cika lura da ita ba, wato gyaran lalube. Mota ta ƙi tashi, a sayi sabon batir; ta sake ƙi, a canza kikstata; daga bisani a gano cewa kan batirin ne kawai ya yi tsatsa. Mai motar da ya san abin da zai saurara da abin da zai duba, kuma ya fara daga mafi araha kafin mafi tsada, zai tsira daga yawancin irin wannan asara, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Idan mota ta ƙi tashi

Sautin da mota ta yi a lokacin da aka murɗa makulli shi ne shaida ta farko. Idan aka ji shiru, fitilun gaban direba kuma suka dushe ko suka mutu, to wuta ce ba ta isowa. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ne ya yi sanyi. Idan kuwa ƙara ɗaya tak aka ji alhali fitilu na nan da haskensu, zargi ya fi karkata ga kikstata. A mota mai giyar otomatik, yana da kyau a taka birki a mayar da giya kan N a sake gwadawa, domin akwai wani ɗan makunni da ke hana injin tashi sai giya na kan P ko N, kuma yakan gaji.

Kafin a yanke wa batir hukunci, a buɗe bonet a dubi kawunansa biyu. Farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kansu yana tare wuta, haka ma kan da ya saki har ana iya juya shi da hannu. Gyaran bai wuce na minti goma ba: a kashe mota, a fara kwance wayar da ke da alamar ragi (–), sannan mai alamar tarawa (+), a wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa 'yar kanwa a ciki, a goge da burushin ƙarfe, a bushe. Wajen mayarwa sai a juya tsarin, mai alamar ragi ta zo a ƙarshe. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batirin kansa.

Ƙaramar na'urar auna wuta da masu gyaran rediyo ke amfani da ita tana raba gardama a nan. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe. Idan ya sauko zuwa 12.2, ya kai rabi. Da an tayar da injin, ya kamata awon ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.7. Idan bai hau ba, altaneta ce ba ta caji, ko bel ɗin da ke juya ta ya saki, kuma sabon batir ma kwana kaɗan zai yi ya mutu. Wasu masu gyaran wutar mota na da al'adar cire kan batir alhali injin na aiki don su gwada altaneta. Wannan dabara ta tsofaffin motoci ce. A motar zamani tana iya ƙona kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Mai mota na da ikon ya hana.

Wajen jona wuta daga wata mota, jar waya tana haɗa alamar tarawa da alamar tarawa. Baƙar waya kuma ta tashi daga alamar ragi ta batir mai rai, ɗaya bakin a maƙala shi a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirin, saboda tartsatsi. Motar otomatik ba ta tashi da turi, don haka kada a wahalar da jama'a.

Akwai kuma yanayin da injin ke juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. A nan ko dai mai ne bai iso ba, ko tartsatsin fulogi babu. A murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen kujerar baya: famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Idan ba a ji ba, a duba fis ɗinsa a akwatin fis, wanda murfinsa ke ɗauke da zanen wurin kowanne. Fis ɗin da ya ƙone ana ganin zarensa a tsinke. A maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya. Ɗaura waya a madadin fis, kamar yadda ake yi a bakin hanya, na cikin abubuwan da ke jawo gobarar mota. Masu yawo da ɗan mai a ƙasan tanki kuma su sani cewa man ne ke sanyaya famfon, don haka tsimin da ake yi a gidan mai yakan dawo ya fita a gareji.

Zafin injin

Babu matsalar da ke juyewa daga ƙarama zuwa babba da sauri kamar zafi. Da allurar zafi ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a nemi gefen hanya a tsaya. Tafiyar 'yan kilomitoci a wannan hali ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan injin. Kada a buɗe murfin lagireto a lokacin. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya haura digiri 100, kuma da an sassauta murfin zai yi tsiri ya sale fuska da hannu. A jira aƙalla rabin sa'a.

Bayan ya huce, a duba yawan ruwan, a bi robobin da hannu ko akwai tsagewa ko danshi, a leƙa ƙarƙashin mota. Sannan a tayar da injin a ga ko fanka na kamawa idan ya ɗumama. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta daidaita a buɗaɗɗiyar hanya, galibi fankarta ce, ko fis ɗinta, ko ɗan makunnin da ke ba ta wuta. Wadda ke zafi a doguwar tafiya kuma, a zargi toshewar lagireto ko ƙarancin ruwa. Shi kansa murfin lagireton, duk da ƙanƙantarsa, idan robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, sai ruwa ya riƙa tafasa da wuri. Yana cikin mafi arahar kayan mota, kuma shi ake mantawa.

Wani abu da ya zama ruwan dare a garejinmu shi ne cire tamostat daga motocin da aka shigo da su, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, tare da jona fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan hujja ba ta da tushe. Aikin tamostat shi ne riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. Injin da bai kai wannan zafi ba, kwamfuta na ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. A wannan zamani na tsadar fetur, mai motar ne ke biya a kowace rana. Idan tamostat ya lalace, a sa sabo. Haka kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin tsatsa da ƙanzo a cikin lagireto; ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan ya fi, in ban da a halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Idan aka ga farin hayaƙi mai kauri yana fita ba yankewa, ruwa na raguwa ba tare da yoyo ba, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket ya riga ya tafi, aiki ya koma hannun gwani. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na cin baƙin mai. Baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya fi iska yawa, kuma abin dubawa na farko shi ne matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe cikin 'yan makonni. Ana buɗe akwatinta da hannu ko da sukundireba. Idan aka ɗaga ta ga rana haske bai ratsa ba, ta gama aiki.

Fitilar da ake rufewa da salatif

Yawancin motocin da ake kira Beljiyam ko tokumbo suna iya faɗin ciwonsu da kansu. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a kan motocin fetur daga 2001. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai ramuka 16. Ana soka mata 'yar na'urar da ke haɗuwa da wayar salula, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba, sai ta nuna lambar abin da ya kunna fitilar injin.

Sai dai lambar tana nuna unguwar da matsala take ne, ba lallai ta nuna gidan ba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, kuma sau da yawa tsagewa ce a robar da ke kai iska cikin injin, ko datti a na'urar auna iskar. P0300 na nufin injin na tsallake bugu, P0302 kuma na nufin a silinda ta biyu abin yake. Ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo a motocin da kowace silinda ke da nata kwayil, irin Corolla da Camry da Accord na shekarun baya-bayan nan: a musanya kwayil na biyu da na uku, a goge lambar, a ɗan zaga. Idan ta dawo a matsayin P0303, kwayil ɗin ne, shi kaɗai za a saya. Idan ta tsaya a P0302, sai a koma kan fulogi ko nozul. Da wannan, an kauce wa sayen guda huɗu a kan laifin ɗaya.

Fitilar injin da ke kunne a tsaye tana ba da damar a kai mota gida a bincika. Wadda ke ƙiftawa na nufin ɗanyen mai na shiga salansa, yana iya lalata matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, don haka a rage gudu a tsaya da wuri. Jar fitila mai siffar buta kuwa, ta matsin baƙin mai, ba ta jira: a kashe injin nan take. A auna man a shimfiɗaɗɗen wuri bayan 'yan mintoci, ya kasance tsakanin alamomi biyu na sandar awo. Nau'in man da injin ke so, kamar 5W-30 ko 5W-20, yana rubuce a littafin motar, sau da yawa har a kan murfin zuba man. Zuba 20W-50 mai kauri a kowace mota saboda wai ƙasarmu da zafi, al'ada ce da ta fi dacewa da tsofaffin injuna.

Taya ma na da nata rubutun. Iskar da ta dace tana manne a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 a ƙananan motoci, ba abin da mai faci ya ga dama ba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma mai sayen taya ta hannu ya fi kowa bukatar karanta wannan lamba.

Inda ya kamata a tsaya

Akwai ayyukan da tsimi a kansu ganganci ne. Birkin da ya yi laushi ko yake nutsewa, sitiyarin da ke wasa, jakar iska, cikin giya, bel ɗin taimin, tukunyar gas a motocin da aka mayar CNG, da wayoyi masu ruwan lemo a motocin da ke haɗa fetur da lantarki, duk na ƙwararru ne. Kada kuma a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ko a nan ma binciken da mai mota ya yi bai faɗi ƙasa banza ba. Wanda ya isa gareji ya ce motarsa na zafi a cunkoso kawai, fanka ba ta kamawa, kuma ya duba fis lafiya lau, ya riga ya taƙaita wa bakanike aiki, ya kuma rufe ƙofar lalube. Ya nemi a faɗa masa dalilin canza kowane abu kafin a saya, a nuna masa sabon a kwalinsa, a kuma ba shi tsohon da aka cire ya sa a but.