Kafin Ka Kama Hanyar Onne: Shirin Kurtun Sojan Ruwa Tun Daga Gida

Duk lokacin da Rundunar Sojan Ruwa ta Najeriya ta sanar da ɗaukar kurata, shagunan intanet a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri sukan cika maƙil da samari da 'yan mata, kowa da takardunsa a ambulan. A cike fom, a buga, a koma gida a shiga addu'a. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma da yawa daga nan suke naɗe hannu, suna jiran sai sunansu ya fito sannan su fara gudun safe. Nan kuskuren yake, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Horon da ake bayarwa a makaranta ɗorawa yake yi a kan abin da mutum ya zo da shi. Wanda ya zo hannu rabbana, shi ne yake kwana a asibitin bariki, ko a sallamo shi ya dawo gida da jakarsa.

Makarantar horon farko ta sojan ruwa tana Onne, a ƙaramar hukumar Eleme ta jihar Ribas, kusa da Fatakwal. Matsayinta a wurin sojan ruwa shi ne matsayin Defo ta Zariya a wurin sojan ƙasa. A Onne ake karɓar farar hula, a shafe kimanin wata shida ana sarrafa shi, ya fito ƙaramin soja. Rundunar da zai shiga an kafa ta a 1956, tana tsaron gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, da manyan shiyyoyi a Legas da Kalaba da Yenagoa. Kada kuma ɗan Arewa ya ɗauka aikin na mutanen bakin teku ne kaɗai. Rundunar tana da sansani a Lakwaja, tana da wani a Baga a bakin Tafkin Chadi, sannan Murtala Nyako daga Adamawa da Awwal Zubairu Gambo daga Kano duk sun shugabance ta.

Sharuɗɗan shiga sukan ɗan sauya, saboda haka a karanta kowace sanarwa da idon basira. A shekarun baya-bayan nan an nemi kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi, shekara 18 zuwa 22 ga mai takardar sakandare, tsawon da bai gaza mita 1.69 ba ga namiji da 1.65 ga mace, kuma mutum ya kasance ba shi da aure. Cike fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai saka sunanka ta wurin wani oga, ɗan damfara ne, ko da kuwa da kaki ya zo maka.

Ƙafa kafin ƙirji

Samari sun fi son motsa jikin da zai fito musu da ƙwanji. Kurtu kuwa da ƙafarsa yake ci: gudun asuba, fareti a rana, tsayuwar awa da awanni, tsallen kwaɗo idan an yi laifi. Akwai wani abu game da jikin ɗan Adam da ya kamata a sani a nan. Zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa saurayi zai ji numfashinsa ya daidaita, ya ƙara nisa da sauri, ashe ƙashin ƙaurinsa bai shirya ba. Sai ciwo ya fara a gaban ƙauri, ya daure, har ƙashin ya yi 'yar siririyar tsaga. Wannan tsagar ta raba kurata da dama da horo a ƙasashe daban-daban, kuma ta fi samun wanda ya tashi daga zaman majalisa ya faɗa gudu gadan-gadan.

Saboda haka a ba shiri wata uku zuwa huɗu. A fara da kilomita biyu, gudu ana haɗawa da tafiya, kwana uku ko huɗu a mako. Ƙarin kowane mako ya zama kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma. A bar ranakun hutu, domin a cikin hutun ne jiki yake gina abin da gudu ya rusa. A fi yin gudun a filin ƙwallo ko hanyar ƙasa maimakon kwalta, da takalmin kambas mai taushin ƙasa, ba silifa ba. Idan ciwo ya tsaya a wuri ɗaya a ƙashi, kana taɓawa kana jin zafi, kuma bai lafa da hutu ba, a nufi likita.

Ga mai son ma'auni, sojan ruwan Amurka, wanda yake horar da kuratansa duka a Great Lakes ta jihar Illinois, yana gwada su da gudun kilomita 2.4, da sauka da tashi a kan tafin hannu, da daskarewa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe. Babu ɗaya daga cikinsu da yake buƙatar kuɗi ko na'ura. Ka auna nisan a filin unguwarku, ka sa abokinka ya riƙe agogo, ka rubuta sakamakon a littafi duk mako biyu.

Zafin can ba irin na nan ba ne

Ɗan Kano ko Gusau zai ce wane zafi ne bai gani ba. Gaskiya ne, amma zafin Arewa busasshe ne: gumi yana fita yana bushewa, bushewar kuwa ita take sanyaya jiki. A yankin Fatakwal ruwan sama yakan haura milimita 2,000 a shekara, iska cike take da laima, gumi sai ya tsaya a fata yana tsiyaya, jiki bai huce ba. Jiki yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba, kuma mai ƙwarin jiki ya fi saurin sabawa. A koyi shan ruwa kafin ƙishirwa ta kama, a riƙa duba fitsari: idan ya yi ja sosai, ruwa ya yi ƙaranci. Jiri, ciwon kai mai tsanani, ruɗewar magana a tsakiyar atisaye, duk alamun haɗari ne da ake faɗa wa malami nan take.

Laimar tana taɓa ƙafa ma. Cire but ɗin kurtun da bai kula ba bayan mako biyu: safa a jiƙe, dunduniya ta yi bororo ya fashe, tsakanin yatsu ya yi fari fat saboda cin ruwa, kowane taku kamar a kan ƙaya. Maganin wannan ba tsada: safa mai yawa, wanke ƙafa a tsane ta har tsakanin yatsu, yanke farce, da sabawa da tafiya mai nisa cikin rufaffen takalmi tun a gida.

Batun ruwa

Nan ne yawancin 'yan Arewa suke da giɓi. In ka cire 'ya'yan Sarkawa da waɗanda suka tashi a Yawuri, Argungu, Baga ko bakin Binuwai, da yawa ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsu ba. Za ka ga ƙato, wanda yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya tsaya a bakin wurin iyo ya ƙanƙame ƙarfe, gwiwarsa tana kaɗawa. Ba ragwantaka ba ce, rashin sabo ne, kuma yana da magani.

Abin da yake nutsar da mutum yawanci firgici ne. Mai tsoro yakan ɗaga kai sama, ya yi ta dukan ruwa, ƙafafunsa su yi ƙasa, ya fitar da iskar da take huhunsa, alhali iskar nan ita take ɗaga shi. Wanda ya cika ƙirji da iska ya saki jiki, ruwa da kansa zai taimaka wajen riƙe shi. Darasin farko ana iya yin sa a tsakar gida: cika baho da ruwa, tsoma fuska, buɗe ido, fitar da iska ta hanci a hankali, ɗago ka shaƙa ta baki, ka maimaita har zuciyarka ta daina bugawa da ƙarfi. Daga nan sai wurin iyo na gaske, tare da mai koyarwa. A Amurka gwajin kurtu shi ne ya diro cikin ruwa daga tsayin kimanin mita 3, ya yi iyo na kimanin mita 45, sannan ya tsaya a saman ruwa minti 5. Wanda ya iya wannan kafin ya bar gida ya sauke wa kansa babban nauyi.

Gargaɗi a nan: kada a je koyon iyo a kududdufi, ko ramin da aka haƙi ƙasa, ko madatsar ruwa. Duk damina muna binne yara saboda su. Ban da nutsewa, irin wannan ruwan yana ɗauke da tsargiya, wadda take shiga ta fata ta sa fitsarin jini. Kuɗin shiga wurin iyo na otal ko na filin wasa bai kai kuɗin jinya ba. Kuma ko an iya, ba a shiga ruwa mai zurfi mutum ɗaya.

San jikinka kafin likitan soja ya faɗa maka

Za a duba ido, haƙori, jini, fitsari, ƙirji, hawan jini, gwaiwa, da tsayuwar ƙafa. Gara ka je asibiti tun yanzu, abin da yake gyaruwa a gyara. Ka san rukunin jininka, musamman batun sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, amma idan wahala mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, haɗarinsa ya ɗara na sauran, don haka ya fi kowa buƙatar hawa a hankali. 'Yan mata su duba ƙarancin jini, domin yana kawo saurin gajiya. Ɓoye asma ko farfaɗiya don a samu shiga, sayen aiki ne da rai.

Sai ƙwaya. Akwai masu ruɗar samari cewa tiramadol yana ƙara ƙarfi. Abin da yake yi shi ne rufe bakin ciwo, mutum ya ci gaba da taka karyayyar ƙafa bai sani ba, ga jaraba ga farfaɗiya. Kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa maganin tarinsa a 2018, da wiwi, duk gwajin fitsari yana iya tona su. Sigari da shisha kuwa numfashinka suke ci. A bar su tun yau. A ci tuwo, wake, ƙwai, gyaɗa, kifi, fura da nono, a kuma fara sabawa da teba da garin rogo, domin a can ba a tambayar kurtu abin da yake marmari.

Shirin zuciya

Da yawa daga masu gudu daga horo jikinsu bai gaza ba, zuciyarsu ce ta karaya. A ranakun farko za a yi maka aski ƙwal, a raba ka da waya, a daka maka tsawa a kan abin da ba ka san laifi ba ne. Mutum ɗaya zai makara, a yi muku gwale-gwale gaba ɗaya. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauka tsana ce, ko don ƙabilarsa ake yi masa.

Dalilin yana cikin jirgi. Manyan abokan gaban jirgin ruwa a tsakiyar teku su ne gobara da ɓallewar ruwa, kuma babu 'yan kwana-kwana da za a kira. Waɗanda suke ciki su ne za su kashe wutar, su toshe ɓarakar, cikin duhu da hayaƙi. Idan ɗaya ya bar ƙofa a buɗe, ko ya tsaya gardama da umarni, kowa ya shiga uku. Shi ya sa kuratan Amurka suke rufe horonsu da gwajin dare na kimanin awa 12 a cikin jirgin kwaikwayo mai suna USS Trayer, inda ake sakar musu wuta da ruwa a ga yadda za su yi aiki tare. Tsawar malami da hukuncin gayya duk wannan suke koyarwa: ka ji, ka aikata, ka kula da na kusa da kai.

Ana iya fara wannan horon a ɗaki. Ka kwanta ƙarfe goma, ka tashi kafin kiran assalatu ba tare da an tashe ka ba. Ka gyara shimfiɗa, ka wanke kayanka, ka yi guga, ka koyi ɗinke maɓalli. Ka ajiye waya yini guda a mako. Idan mahaifinka ko yayanka ya yi maka faɗa, ka gwada yin shiru ka aikata, ko kana ganin kai ne da gaskiya. Ka gyara Turancinka, ka saurari broka, domin makwabcin gadonka zai iya zama Ijaw, Ibibiyo, Tibi, Bayarabe ko Ibo, kuma shi ne zai ɗauke maka kaya ranar da zazzaɓi ya kama ka. Addininka ba zai hana ka komai ba, rundunar tana da limamai da fastoci.

Idan wuya ta yi wuya, kada ka lissafa watannin da suka rage. Ka ce bari in kai karin kumallo, daga nan in kai azahar, daga nan in kai kwanciya. Ka kuma bambance gajiya da rauni: gajiya ana daure mata, rauni ana kai shi wurin likita, kuma yin hakan ba abin kunya ba ne. Kafin ka tafi, ka biya bashin da ake bin ka, ka zauna da Inna da Baba ka gaya musu za a daɗe ba a ji muryarka ba, kuma shirun ba mugun labari ba ne.

Iyaye su ma da nasu aikin: su taimaka da abinci da kuɗin gwaji da na koyon iyo, kada su kira yaro suna kuka suna cewa ya dawo. Gwamnatocin jihohinmu da masu hali su gyara wuraren iyo na filayen wasa, su sa masu koyarwa, domin gurbin da ake ware wa kowace jiha ba ya amfani idan babu matasan da suka shirya cike shi. Kai kuma mai niyya, gobe bayan sallar asuba ka ɗaura takalmi ka auna kilomita biyunka na farko, ka rubuta lokacin. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare mana sojojinmu a tudu da ruwa.